Jon Postel, Mai Rabon Lambobin Intanet

A wannan fitowa filin tarihin mashahuran mutane ya faɗo kaina, na kuwa zaɓo wani mutum da na tabbata ko a sashenmu na kimiyyar kwamfuta ba kowa ne ya taɓa jin sunansa ba. Kowa ya san Bill Gates, kowa ya san mai Facebook, domin su kuɗi ya tallata su. Shi wannan da zan ba ku labari bai kafa kamfani ba, bai kuma shiga jerin attajiran duniya ba. Amma fa duk wanda ya taɓa tura imel, ko ya duba sakamakon JAMB, ko ya kwafo handawut daga kwamfutar lab zuwa tasa ta waya, to ya bi ta kan aikinsa ko ya sani ko bai sani ba. Sunansa Jonathan Bruce Postel, an fi saninsa da Jon Postel.

Ga hanya mafi sauƙi ta ganin sawunsa. Duk mai Linux a kwamfutarsa ya buɗe baƙin allon nan da muke rubuta umarni a ciki, ya rubuta less /etc/services. Zai ga dogon jeri na sunaye da lambobi: ftp 21, ssh 22, telnet 23, smtp 25, http 80, netbios-ssn 139, microsoft-ds 445, nfs 2049. Waɗannan su ne lambobin ƙofofi. Saba ɗaya tana iya yin ayyuka goma a lokaci guda, kowane aiki da ƙofarsa, kamar yadda kowace rumfa a kasuwar Shuwarin take da mazauninta. In ka kafa Samba domin kwamfutocin Windows su riƙa ɗaukar fayil daga sabarka, ta ƙofa 445 za su shigo. In NFS ka kafa, ta 2049. Tambayar ita ce, wa ya raba waɗannan rumfuna har duniya duka ta yarda? Fiye da shekara 25, littafin rabon a hannun Postel yake.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Postel ranar 6 ga Agusta 1943 a garin Altadena da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya yi sakandare a makarantar Van Nuys, kuma abin mamaki a wannan makaranta ɗaya Vint Cerf da Steve Crocker suka yi karatu. Su ukun nan daga baya suka sake haɗuwa a jami'ar UCLA, kowannensu ya zama ginshiƙi a tarihin intanet. Postel ya samu digirin farko a fannin injiniya a 1966, na biyu a 1968, sannan digirin dakta a kimiyyar kwamfuta a 1974, duk a jami'ar.

Waɗanda suka zauna da shi sun siffanta shi da mutum mai dogon gemu da dogon gashi, mai yawo da takalmi sandal ko a taron manya, marar yawan magana, mai son ɗaukar jaka ya shiga duwatsun Kalifoniya da ƙafa. Da a ce yau zai shigo makarantarmu, wallahi ina jin mai gadi sai ya tsayar da shi ya tambaye shi wurin wa ya zo.

Shekarar 1969

A wancan zamani kwamfuta ɗaya tana cika ɗaki, kuma ta wannan kamfani ba ta jin yaren ta wancan. Hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, wato ARPA, ita ke biyan kuɗin kwamfutocin jami'o'i da dama, sai ta so a haɗa su da waya domin masu bincike su riƙa amfani da na juna. Wannan shi ne ARPANET. Na'urar farko ta sauka a UCLA, a ɗakin binciken Farfesa Leonard Kleinrock. Ranar 29 ga Oktoba 1969 wani ɗalibi, Charley Kline, ya gwada shiga kwamfutar cibiyar SRI daga nesa. Haruffa biyu kawai ya tura abin ya tsaya cak, sai da aka gyara aka sake. Kafin shekarar ta ƙare wurare huɗu sun haɗu: UCLA, SRI, jami'ar Santa Barbara da jami'ar Utah.

To ga abin da nake so ɗalibai su lura da shi. Manyan kamfanoni sun ƙera na'urorin, amma yadda kwamfutocin za su gaisa su fahimci juna, ɗalibai aka bar wa. Postel yana cikinsu, yana ɗan shekara 26. Steve Crocker ya fara rubuta shawarwarinsu a takardu masu lamba, ya kira su RFC, ma'ana takardar neman jin ra'ayi, domin kada manya su ga kamar yara suna kafa musu doka. Ta farko ta fito ranar 7 ga Afrilu 1969. Ba a daɗe ba aikin tacewa da ba wa waɗannan takardu lamba ya koma hannun Postel, bai kuwa ajiye shi ba har ranar da ya mutu. Shi kansa ya rubuta, ko an rubuta tare da shi, fiye da 200.

Tsarin da ya tsaya a kai mai sauƙi ne. Takarda ta zama rubutu zalla wanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, layi kada ya wuce harafi 72. Kowa ya karanta kyauta. In ta fito ta fito ke nan, ba a komawa a goge. In an samu gyara sai a fitar da sabuwa da sabuwar lamba, a ce ta maye gurbin waccan. Shi ya sa yau ɗalibi a Dutse zai iya buɗe takardar 1981 a wayarsa ya karanta ta kamar yadda aka rubuta ta, ko sisi bai biya ba in ban da kuɗin data.

Yadda ya zama sarkin awo

A garinmu Kiyawa ko yaro ya san abin da zai faru a kasuwar hatsi in kowane mai awo ya zo da irin tasa tiya. Ciniki ba zai yiwu ba, sai rigima. Haka aka fara fuskanta a ARPANET: wannan jami'a ta sa aikin kaza a lamba kaza, waccan ta sa shi a wata. A watan Mayu 1972 Postel ya fitar da RFC 349, ya ba da shawarar a samu mutum ɗaya da zai riƙa raba lambobi yana ajiye lissafi, ya kuma kawo jerin farko, inda shiga kwamfuta daga nesa ya samu lamba 1, tura fayil ya samu lamba 3. Aiki ne da ba wanda yake rububinsa, domin ba a samun suna da shi. Shi ya ɗauka.

Bayan ya taɓa aiki a MITRE da SRI, a 1977 ya koma cibiyar ISI ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, a unguwar Marina del Rey, can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Aikin rabon lambobin ya yi ta girma: lambobin ƙofofi, adireshin kwamfutoci, daga baya har sunayen ƙasashe. Wajen 1988 aka fara kiran aikin da suna IANA, kamar wata babbar hukuma. Alhali shekaru da yawa hukumar nan ba ta wuce shi da abokiyar aikinsa Joyce Reynolds da 'yan mataimaka ba.

Ga misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. A 1995 wani mai bincike a ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya rubuta manhajar SSH, wadda da ita muke shiga saba daga nesa ba tare da wani ya saci kalmar sirrinmu a hanya ba. Ya duba ya ga lamba 22 ba kowa, tana tsakanin 21 ta FTP da 23 ta telnet, waɗanda dama su yake son manhajarsa ta maye. Ya aika wa IANA imel, washegari Joyce Reynolds ta amsa masa an ba shi. Ba fom, ba kuɗi, ba wanda ya ce masa ya dawo gobe oga ba ya nan. Duk lokacin da ka rubuta ssh a baƙin allo, wannan ƙofar kake ƙwanƙwasawa.

Ƙa'idojin da muke haddacewa don jarrabawa

A 1977 Postel ya yi rubutu yana cewa ana ɗora wa ƙa'idar TCP kaya biyu a kai ɗaya: kai saƙo daga wuri zuwa wuri, da tabbatar da cewa ya isa lafiya a jere. A ganinsa kamata ya yi a raba su. Da shi da Vint Cerf da Danny Cohen da sauransu aka tsaya a kan haka, aka samu IP daban, TCP daban. UDP ta fito a RFC 768 a 1980. A watan Satumba 1981 aka fitar da RFC 791 ta IP, da 792 ta ICMP wadda umarnin ping ke amfani da ita, da 793 ta TCP, duk ta hannunsa. A 1982 ya rubuta RFC 821, ƙa'idar tura imel. Shi ne kuma ya rubuta jadawalin ƙaura daga tsohuwar ƙa'ida zuwa TCP/IP, aka sa ranar 1 ga Janairu 1983, wanda bai shirya ba a bar shi a baya.

Ta fannin rabon fayil, Abhay Bhushan na MIT ne ya fara rubuta FTP a 1971, amma sigar da ta zauna har yau ita ce RFC 959 ta Oktoba 1985, aikin Postel da Reynolds. Takardu 1001 da 1002 na 1987, da suka bayyana yadda NetBIOS zai hau kan TCP/IP, da ta 1094 ta 1989 da kamfanin Sun ya bayyana NFS a ciki, duk a zamanin editancinsa suka fito. Da Andrew Tridgell, ɗalibi a Ostireliya, ya fara rubuta abin da ya zama Samba a ƙarshen 1991, 'yan watanni bayan an ƙirƙiro jiharmu ta Jigawa ranar 27 ga Agusta, sai da ya zauna yana leƙen saƙonnin da ke wucewa a waya kafin ya gane yaren, domin ba buɗaɗɗiyar takarda a gabansa. Ka ga bambancin ƙa'idar da aka rubuta aka baza wa kowa da wadda aka rufe a durowar kamfani.

Akwai wata shawara tasa da ta shahara har ake kiranta dokar Postel. Ma'anarta a taƙaice: abin da zai fita daga wurinka ka tsare shi ya bi ƙa'ida sosai, abin da zai zo maka daga wani kuwa ka yi masa uzuri in ka gane nufinsa. Da wannan ne kwamfutocin kamfanoni daban-daban suka iya zama lafiya a farkon zamani. Amma gaskiya yau masana suna yi mata gyara, har a 2023 aka fitar da wata RFC kan illar yawan uzurin. A zamaninsa masu amfani da waya sun san juna. Yanzu ɓarayi sun shigo gari. A watan Mayu 2017 cutar kwamfuta WannaCry ta bi ta ƙofa 445, ta tsohuwar sigar SMB ta farko, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila. Don haka ni a fahimtata, rabin farko na dokar yana nan daram, rabi na biyu kuwa a yi shi ga abokin aiki, kada a yi shi ga ƙofar saba.

Yadda Najeriya ta samu .ng

Da farko sunayen duk kwamfutocin ARPANET a fayil ɗaya suke, mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler a SRI ke kula da shi, kowa ya kwafo. Jikansa ne /etc/hosts da ke cikin Linux ɗinka. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris, abokin aikin Postel a ISI, ya tsara DNS a 1983. Rabon manyan sunaye na ƙarshen adireshi ya sake faɗowa kan Postel.

Nan ya yi wata dabara. Ya ƙi yarda ya zama mai yanke hukuncin wace ce ƙasa wace ce ba ƙasa ba, domin ya san rigimar siyasa ce. Sai ya jingina da jerin haruffa biyu-biyu na hukumar ma'auni ta duniya, wato ISO 3166. Najeriya ng, Nijar ne, Gana gh. A watan Maris 1994 ya rubuta RFC 1591, ya bayyana cewa wanda aka ba riƙon sunan ƙasa amana aka ba shi domin ya yi wa al'ummarsa hidima da adalci, kuma batun mallaka ma bai taso ba.

A 1995 aka ba da .ng. To ku saurara da kyau 'yan poli: wadda aka rubuta a matsayin mai riƙon amanar ta fuskar gudanarwa, Misis Odusote, a lokacin ma'aikaciyar Kwalejin Fasaha ta Yaba ce a Legas, wato makaranta irin tamu. Ɓangaren na'ura kuwa a birnin Pisa na Italiya aka fara riƙe shi, saboda a lokacin hanyar intanet a ƙasar nan ba ta yi ƙarfin ɗauka ba. Daga baya an yi ta ja-in-ja tsakanin 'yan Najeriya kan wa ya kamata ya riƙe, har gwamnatin Obasanjo ta shiga tsakani, aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005, ita ke riƙe da shi yanzu. Duk adireshin da ya ƙare da edu.ng ko gov.ng, har na gwamnatin jiharmu, reshe ne na wannan rabo. Shekaru kaɗan bayan 1995 ne gwamnatin Saminu Turaki ta kafa Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, lokacin da yayyenmu da dama suka fara taɓa intanet.

Rikicin Janairu 1998

Muddin abu ba kuɗi a cikinsa, ba mai damuwa da wanda ke riƙe da shi. A watan Satumba 1995 kamfanin Network Solutions, wanda gwamnatin Amurka ta ba kwangilar rajistar .com da .net da .org, ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu kan kowane suna. Nan take suna ya zama haja. Lauyoyi suka shigo, 'yan kasuwa suka shigo, aka fara tambayar wa ya naɗa wannan mai gemun. Postel ya kawo shawarar a ƙara sababbin manyan sunaye da yawa domin kada kamfani ɗaya ya cinye kasuwa, aka kafa kwamiti, aka yi ta taro har Janeba, ba a daidaita ba. Har ƙara aka shigar da ta haɗa da shi.

DNS yana da sabobin tushe 13, daga A zuwa M. A lokacin, ta A, wadda sauran ke kwafa daga gare ta, tana hannun Network Solutions. Ranar 28 ga Janairu 1998 Postel ya aika wa masu kula da takwas daga cikin sabobin imel, ya umarce su su daina kwafa daga A, su koma kwafa daga wata saba ta IANA. Suka kuwa yi. Ba takardar kotu, ba umarnin gwamnati. Sunansa kawai suka gani. Masu amfani da intanet ba su ga wani canji ba, domin bayanan iri ɗaya ne. Amma a Washinton hankali ya tashi. Ira Magaziner, mai ba Shugaba Kilinton shawara kan harkar intanet, ya kira shi a waya, aka ce a mayar da komai yadda yake, ya kuwa mayar cikin 'yan kwanaki. Shi ya bayyana abin a matsayin gwaji, don a ga ko za a iya sauya mazaunin tushen ba tare da matsala ba. Wasu kuwa suka ɗauke shi a matsayin nuna wa gwamnati da kamfani inda ikon yake. Ranar 30 ga watan gwamnatin Amurka ta fitar da daftarin tsarinta, inda ta nuna ƙarara cewa maganar ƙarshe tata ce.

Ni dai ga yadda nake kallon abin. Biyayyar da mutum takwas suka yi wa imel ɗaya shaida ce ta amanar da ya tara cikin shekara kusan talatin, ba wanda ya taɓa kama shi ya sayar da lamba ko ya fifita abokinsa. Amma ita wannan biyayyar ce kuma ta nuna haɗarin. In saƙo ɗaya daga mutum ɗaya zai iya karkatar da tushen intanet, to ranar da wani marar gaskiya ya zauna a kujerar fa? Ko ranar da mai gaskiyar ya kwanta ciwo? Shi ma ya san da haka, domin watanninsa na ƙarshe ya ƙarar da su ne wajen tsara ƙungiyar da za ta gaje shi. A ƙarshen Satumba 1998 aka yi wa ICANN rajista a Kalifoniya, da nufin shi zai jagoranci ɓangaren fasaha.

Rasuwarsa

Bai ga fara aikinta ba. Ya mutu ranar 16 ga Oktoba 1998 a Los Anjalis bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Washegari Vint Cerf ya rubuta ta'aziyyarsa, aka buga ta a matsayin RFC 2468, a cikin jerin takardun da shi ya raina. Ƙungiyar Internet Society, wadda shi ne mambanta na farko, ta kafa lambar yabo da sunansa tun 1999, kuma a 2007 Farfesa Nii Quaynor na Gana ya karɓe ta saboda aikinsa na shimfiɗa intanet a Afirka. Rabon adireshi a nahiyarmu ya koma hannun AFRINIC a 2005. Rumbun adireshin IPv4 na IANA, mai ɗauke da kusan biliyan 4.3, ya ƙare ranar 3 ga Fabrairu 2011. Ita kuwa gwamnatin Amurka ba ta saki linzamin IANA ba sai ranar 1 ga Oktoba 2016, shekara 18 bayan mutuwarsa. Aikin da yake yi da 'yan mutane a ofis ɗaya, yau ƙungiyoyi da taruka na ƙasa da ƙasa ke yin sa.

Abin da ya shafe mu

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Da yawanmu in mun gama ND ko HND, aikin da za mu samu bai wuce wannan ba: kula da 'yar saba a sakatariya, ko asibiti, ko cibiyar jarrabawa, ko shagon buga takardu mai kwamfuta biyar. Ranar da aka miƙa maka kalmar sirrin root, kai ne Postel na wannan wuri. Albashin ma'aikata, sakamakon ɗalibai, takardun marasa lafiya, duk kana iya buɗewa ba wanda ya gani.

Lokacin da na yi SIWES a wani ofis, na tarar da saba mai Samba wadda wanda ya kafa ta ya samu aiki a wani gari ya tafi, bai bar ko layi ɗaya a rubuce ba, lambar wayarsa kuma ba ta shiga. Kwana uku muka yi ni da wani ma'aikaci muna bin fayil ɗin /etc/samba/smb.conf layi-layi. Muka sa testparm ya nuna mana abin da ke aiki a zahiri, pdbedit -L ya jero masu asusu, smbstatus ya nuna waɗanda ke ciki a lokacin. Muka tarar da asusun mutanen da suka daɗe da barin aiki yana nan a buɗe, foldar takardun kuɗi kuma an yi mata chmod 777, wato kowa ya karanta, kowa ya goge. A kwana ukun nan ma'aikata da filash suke yawo daga tebur zuwa tebur, wata takarda ma sai da aka sake buga ta daga farko. Mutumin ya iya aiki, ba shakka. Abin da ya rasa shi ne ɗabi'ar Postel ta rubuta abu domin wanda zai zo baya.

Saboda haka ga abin da na tsinta daga rayuwarsa, a yaren aikinmu. Duk canjin da ka yi a saba, rubuta kwanan wata da dalili, ko a cikin fayil ɗin da alamar #, ko a littafi mai bango da zai zauna a ofis. Kowane mutum a buɗe masa asusunsa da smbpasswd -a, kada a yi kalmar sirri ɗaya ta gayya. A tara mutane rukuni-rukuni, a ba kowace folda rukuninta da chown, a rubuta valid users a ƙarƙashinta. Ka riƙa duba ƙofofin da ke buɗe da ss -tln, wadda ba ka san aikinta ba ka bincika, 445 kuwa kada ta leƙa waje da netwok ɗin ofis. Tsohuwar sigar SMB ta farko a bar ta a kashe. Ajiyar kwafi ta zama a wata na'ura daban, ka kuma gwada dawo da ita, ka san halin wutarmu. Sannan kada ka zama kai kaɗai ne mai mabuɗi: a samu mutum na biyu mai sudo, shugaban wurin kuma ya san inda aka ajiye kalmar sirri a rufe. Wasu suna ganin in sun ɓoye ilimi ba za a iya korarsu ba. Postel ya baza nasa a takarda fiye da 200 kyauta, kuma har ya mutu ba a samu wanda ya ture shi daga kujerar ba.

Shawarata ta ƙarshe ga 'yan ajinmu da ƙannenmu na ND 1: a wannan hutun kowa ya sauke RFC 768 a wayarsa. Shafi uku ce kacal, Turancinta bai fi ƙarfin kowa ba, kuma har yau da ita DNS ke aiki. In mun dawo, mai tambaya ya same ni a lab bayan la'asar, mu buɗe /etc/services tare. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma ba mu ikon riƙe amana.